Kilimanjaro ta hanyar Machame: kwana shida ko bakwai?

Nura Gangare
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu gani. Na ƙudiri niyyar hawan Kilimanjaro a watan Agusta ko Satumba in Allah ya kai mu, har na yi magana da kamfanoni biyu a garin Moshi da ke gindin dutsen, a Tanzaniya. Dukansu hanyar Machame suka ba ni, amma ɗaya ya ce kwana shida, ɗayan ya ce bakwai, kuma bambancin kuɗin ba kaɗan ba ne in aka juya shi zuwa naira. Ni dai na fi karkata ga na shidan. Duk Asabar muna hawan duwatsun Shere na nan Jos tare da yawancinku, kun san ba na cikin masu zama a hanya, sanyi kuwa a cikinsa aka haife ni. Akwai dalilin da zai sa in biya kuɗin ƙarin kwana guda don kawai in kwanta a tanti?

KB
Wa alaikumus salam. Wato Shere ta yi maka kaɗan kenan? To Allah ya kiyaye hanya. In za ka dawo a ƙullo mini ƙanƙara a leda.

Istifanus
Nura, bari in ajiye maka lissafi kafin manya su shigo. Garin Jos yana kan tudu mai kusan mita 1,200 daga doron teku. Ƙololuwar Shere mita 1,829 ce. Ƙofar Machame, inda za ka rubuta sunanka a littafi a auna kayanka, tana wajen mita 1,800. Ka ga kenan inda muke ƙarewa mu zauna cin gyaɗa muna hoto, daga nan su suke soma tafiya. Daren farko a wajen mita 3,000 za ka kwana. Uhuru kuwa, can ƙololuwa, 5,895. Babu inda za ka je a Najeriya ka ɗanɗana wannan, don Chappal Waddi da ya fi kowane dutse tsawo a ƙasar nan 2,419 ne. Ƙarfin ƙafarka ba wanda ya musa, amma ba shi ake tambaya ba.

Nura Gangare
Na ji, Oga Isti. Amma ai Turawan da ke cika wurin daga bakin teku suke tasowa. Ni ko ba komai na ba su ratar mita dubu da ɗoriya tun daga gida.

Dakta Aminu
Malam Nura, zaman Jos yana ɗan taimakawa, amma kada ka ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Ciwon tsauni daga wajen mita 2,500 yake fara nuna kansa, jikinka kuwa bai taɓa kwana a can ba. Abin da ke faruwa shi ne, duk hawan da ka yi nauyin iska raguwa yake yi, sai kowane numfashi ya kawo maka ƙasa da abin da ka saba. A saman dutsen nan, abin da shaƙa ɗaya ke kai wa huhunka kusan rabin na mutumin Legas ne. Jiki yana iya sabawa: numfashi ya ƙaru, ƙoda ta daidaita jini ta hanyar fitsari, da sauransu. Amma wannan aiki kwanaki yake ci, kuma gudu ko ɗaga ƙarfe ba sa gaggauta shi.

Shawarar da likitocin wannan fanni ke bayarwa ita ce, da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, sannan a samu ranar hutu duk bayan kwana uku ko huɗu. Yawancin hanyoyin Kilimanjaro sun karya wannan tun a takarda. A Machame, daga zangon farko zuwa na biyu, wato Shira, kaɗai ka ƙara kusan 800. To hanyar da dama a matse take, kai kuma kana so ka ƙara matse ta.

Kuma majiya ƙarfi sun fi ba ni tsoro. Mai rauni yana tafiya a hankali dole, mai ƙarfi kuwa sai ya yi ta wuce mutane yana jin daɗi, kashegari ya tashi da ciwon kai da amai.

Hajiya Rabi
Nura ƙanina, na bi Machame, kuma ta kwana bakwai na bi. Bari in nuna maka inda kwanan nan yake, don ba zaman banza ba ne kamar yadda kake tsammani.

Kwana uku na farko iri ɗaya ne ga kowa. Daji mai laka da inuwa zuwa zangon Machame, daga nan Shira, rana ta uku a hau har Lava Tower, wajen mita 4,600, a ci abinci a can, a gangaro a kwana a Barranco ƙasa da 4,000. Wannan hawa da sauka da gangan aka tsara shi. A ranar ce mutane da yawa ke fara shiru, wanda ya cika ku da surutu a daji sai ka ga ya tura farantin abinci gefe.

Da safe sai katangar Barranco. Sunanta ya fi ta ban tsoro, ba igiya ake sawa ba, amma dole ka naɗe sandunanka ka kama dutse da hannu, akwai wani lungu da sai ka rungumi dutsen ka zagaya shi, ga 'yan dako suna wucewa da kaya a ka. Bayan katangar a yi ta hawa da sauka har kwarin Karanga. To a nan aka rabu. Mai kwana bakwai ya tsaya a Karanga ya kwana, kashegari ya yi gajeriyar tafiya ya isa Barafu da rana, ya ci, ya kwanta, ya huta. Mai kwana shida a Karanga abincin rana kawai zai ci, ya ci gaba, ya isa Barafu da yamma a gajiye, wajen mita 4,600 da 'yan kai. Ya ci abincin da ba ya sha'awa, ya kwanta barcin da ba zai zo ba, ƙarfe sha ɗaya na dare a tashe shi. Daga nan kuma zai hau mita 1,200 cikin duhu, ya sauko Barafu, ya sake gangarawa har zangon Mweka. Awa goma sha biyu zuwa sha biyar ƙafarka tana aiki. Ka haɗa da ranar da ta gabata ka ga abin da kake shirin saya da rangwame.

Daren hawan nan, ban san yadda zan gaya maka ba sai dai in kwatanta. Tafiyar irin ta masu kai amarya ce, taku ɗaya, numfashi, taku ɗaya. Ba ka ganin komai sai dunduniyar wanda ke gabanka a cikin hasken tocilar goshinka. In ka ɗaga kai sai ka ga fitilu a jere can sama, ka ɗauka taurari ne, ashe mutane ne, kuma nan za ka je. Ruwan gorata ya fara daskarewa daga baki, sai da ɗan jagora ya ce in juya ta kai ƙasa in cusa a cikin riga. Dabinon da na zuba a aljihu ya yi tauri, sai na ajiye shi a kumatu ya yi laushi kafin in iya taunawa. Ƙasa kuma tsakuwa ce mai zamewa, ka taka gaba ta dawo da kai rabi. Kafin Stella Point, da ke dab da ƙololuwa, muka yi kiciɓis da wani saurayi, ƙato, mutum biyu sun riƙe shi ta hammata suna sauko da shi, ƙafafunsa suna harɗewa. Shi ne ya wuce mu da gudu a ranar Shira yana kiɗa a waya.

KB kuma, ledar taka ba za ta shiga ba. Tun watan Yunin 2019 Tanzaniya ta haramta leda, kuma a kan dutsen ma ba a yarda da robar ruwa ta sha-ka-yar ba.

KB
Anti Rabi kin kashe mini kasuwa. To a kawo hoton ƙanƙarar.

Istifanus
Hoton ma a yi sauri. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙanƙarar da aka auna a kan dutsen a 1912 ta narke.

Alhaji Inuwa
Ni dai tun ɗazu nake karantawa ina jinjina kai. Yaro ya tara kuɗinsa da guminsa, ya ɗauka ya kai wata ƙasa, ya biya a wahalar da shi, a ƙarshe a ba shi takarda. Nura, ka yi Umra? Ka ajiye iyali? Mahaifiyarka ta san da wannan magana? Mu da muka taso a garin nan mun ga iyayenmu suna hawan duwatsu, amma neman kuza suke yi, abinci suke nema. Hawan Shere ban ƙi ba, motsa jini ne, ni ma shi ya sa nake cikinku. Wannan kuwa ban ga alfanunsa ba.

Nura Gangare
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Hajiya ta sani, ta ce in je in dawo lafiya, amma ba ta ga hoton wurin ba tukuna. Umra tana cikin niyya in sha Allah. Maganar iyali kuma a bar ta zuwa wani zaman.

KB
Ba za a bar ta ba. Baba a ci gaba.

Hajiya Rabi
Alhaji, ranka ya daɗe, ba zan ja da kai ba a kan abin da ya fi muhimmanci. Amma 'yan'uwanmu nawa ne ke kashe ninkin wannan a Dubai, su dawo da turare da ciwon baya? Ba wanda ya tambaye su alfanu. Shi wannan aƙalla zai shafe watanni yana tashi da asuba yana gyara jikinsa.

Alhaji Inuwa
Su ma ban yaba musu ba, Hajiya. Laifin wani ba ya wanke na wani. Kuma a Dubai ba a sauko da mutum riƙe da hammata, ke kika faɗa da bakinki.

Malam Habibu
Alhaji yana da gaskiya wajen jeranta abubuwa, wajibi yana gaba da sha'awa. Amma tafiya don ganin halittar Ubangiji halal ce matuƙar ba a tauye haƙƙin kowa ba, ba a kuma jefa rai cikin halaka da gangan ba. Wannan sharaɗi na biyu shi ya sa maganar Dakta ta shafi addini, ba lafiya kaɗai ba. Wanda aka gaya masa hanyar da ta fi aminci ya bar ta don ragin kuɗi, ya sake tunani.

Tunda an taɓo, ga abin da na ga matafiya irinku suna sakaci da shi. Kai matafiyi ne, kana da ƙasaru, kuma tunda kullum zango kuke canzawa ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri guda ba, hukuncin tafiya bai yanke ba. Kana iya haɗa Azahar da La'asar, da Magariba da Isha'i, in tafiya ta matsa. In ruwa zai cutar da kai saboda tsananin sanyi, ko wanda ke hannunka na sha ne, ka yi taimama, kuma a mazhabarmu dutse ya isa, ba sai ka nemi turɓaya ba. Asuba za ta riske ku a kan gangaren, to ka gaya wa ɗan jagora tun a zango cewa za ka tsaya, don ya zaɓa maka inda za ka iya tsayuwa. Sai alƙibla. Mu nan mun saba gabas, har ta zame mana sunan alƙiblar. A can Makka tana arewa da kai ne, ɗan karkatawa kaɗan zuwa gabas. In ka fuskanci fitowar rana ka kauce.

Hajiya Rabi
Allah ya gafarta Malam, wannan ta arewa gaskiya ce. Cikin 'yan dakonmu akwai Musulmi, su suka riƙa nuna mana. Abinci ma ba matsala, ka gaya wa kamfani tun kafin ka biya, mai dafa abincin zai kiyaye.

Zainab U.
Dakta don Allah tambaya. Ni ma abin yana raina ko ba bana ba. Rukunin jinina (genotype) AS ne. Akwai matsala?

Dakta Aminu
Madalla da kika tambaya, don wannan ce maganar da ba za ku gani a tallan kamfanonin ba, ba mu suka rubuta wa ba. A ƙasar nan kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Mai sikila, wato SS, babu zancen wannan tafiya a gare shi sam. Mai AS yana rayuwarsa lafiya lau, amma inda iska ta yi ƙaranci, ga gajiya, ga ƙishirwa, ga sanyi, jininsa na iya lanƙwashewa ya toshe ƙananan jijiyoyi, kuma saifa ce ta fi shan wahala. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗa. Ba kowane mai AS yake samu ba, amma abu ne sananne a wurin likitoci. Ba zan yanke miki hukunci ta waya ba, ki zauna da likitan jini. In an amince, to hanya mafi tsawo, ruwa da yawa, kuma ɗan jagoranki ya san da maganar tun ranar farko.

Malam Nura, kai fa?

Nura Gangare
An ce AA ne, tun muna sakandare aka yi.

Dakta Aminu
«An ce» ba sakamako ba ne. Ka sake, a wurin da aka yarda da aikinsu. Kuɗinsa bai kai na safar da za ka saya ba.

Sauran abu biyu. Akwai maganin da ake kira acetazolamide, wanda aka fi sani da Diamox, yana taimaka wa jiki saurin sabawa. Yana sa yawan fitsari da jin tsikari a yatsu, kuma wanda magungunan salfa ke yi wa illa sai ya yi hattara. Likita zai rubuta maka, ka gwada shi a gida tukuna, kada ranar farko da za ka sha ta zama a kan dutse. Kuma ba ya maye gurbin kwanan da kake son yankewa. Na biyu, ku san alamomin da ba a jayayya da su: haki alhali kana zaune, tari mai kumfa, tafiya kana tangaɗi, magana ba kan gado. Waɗannan ruwa ne a huhu ko kumburin ƙwaƙwalwa, kuma maganinsu sauka, nan take, ko da tsakar dare ne. Mu kuma muna da wata ɗabi'a, duk ciwon kai da kasala sai mu ce zazzaɓin cizon sauro ne, mu haɗiyi magani mu ci gaba. A mita 4,000 ka ɗauka tsauni ne har sai an tabbatar ba shi ba ne.

Sadik Rikkos
Ni wani gefen nake so a duba. Nura, ka tambayi kamfanin mai araha daga ina ragin ya fito? Kuɗin shiga gandun dajin Kilimanjaro ba a yi wa kowa ciniki. A lokacin da na duba na ƙarshe, baƙo daga wajen Gabashin Afirka yana biyan dala 70 kowace rana, dala 50 kowane dare na kafa tanti, dala 20 na ceto, sannan a ɗora harajin kashi 18. Ka lissafa na kwana bakwai, ya doshi dala dubu kafin a sayi ko da buhun shinkafa. Doka kuma ba ta yarda ka hau kai kaɗai ba, dole da ɗan jagora mai lasisi, shi kuma da mataimaki, da mai dafa abinci, da 'yan dako. To in wani ya ba ka farashin da ya ɗara kuɗin gwamnati da kaɗan, daga jikin wa ya yanko? Daga jikin 'yan dako. Ƙa'ida kilo 20 kowane ɗan dako zai ɗauka, a bakin ƙofa ake aunawa, amma akwai masu dabarar ƙara musu bayan an wuce sikeli. Akwai masu ciyar da su sau ɗaya a yini. Wani abokin aikina ya dawo yana ba da labarin yaron da ya ɗauki jakarsa har Barafu da takalmin makaranta, tafin ya rabu, ya ɗaure da igiya. Araha ba ta ado. Akwai ƙungiyar KPAP a Moshi da ke sa ido kan yadda ake riƙe 'yan dako, suna da jerin kamfanonin da ke aiki da su. Ka duba ko naka suna ciki.

KB
Sadik, ai kasuwa ce. In mun ƙi mai araha, yaron ma aikin zai rasa gaba ɗaya.

Sadik Rikkos
Ba zai rasa ba, dutsen ba ya rasa baƙi. Kamfanin ne zai rasa, yaron ya koma inda ake ba shi abinci sau uku.

KB
A takarda kenan.

Hajiya Rabi
Ku bar wannan, ba za ku gama ba. Nura, abin da za ka yi shi ne ka ware kuɗin alheri na ma'aikatan daban tun daga gida, al'ada ce a can kuma suna dogara da shi. Ranar ƙarshe ka miƙa a gaban kowa, ka faɗi abin da kowane mutum zai samu. Kada ka danƙa wa mutum ɗaya a ɓoye ka ce ya raba.

Istifanus
Ni har yanzu tambayata ita ce, me ya sa za mu tsallake namu? Gashaka-Gumti tana nan a Taraba da Adamawa, ita ce gandun daji na ƙasa mafi girma a Najeriya, faɗinta ya wuce murabba'in kilomita 6,000, tun 1991 aka kafa ta. Ofishinsu yana Serti. Chappal Waddi yana cikinta, a kan iyaka da Kamaru. Daga Jalingo ka bi ta Bali zuwa Serti ka yi takardunka, a haɗa ka da jami'an gandun, ka haura Mambila ta Nguroje, daga can babur da ƙafa. Babu biza, babu dala. Ciyawa kore, rafuka, rugagen Fulani, ga dajin da har birai masu kama da mutane suke ciki. Mu 'yan Jos da muke taƙama da duwatsu, mutum nawa ne a gidan nan suka taka shi?

Alhaji Inuwa
Yauwa. Wannan aƙalla kuɗin a gida zai tsaya.

Maman Hanan
Tsaro fa, Oga Isti? Maigidana ba zai bar ni in doshi hanyar nan ba sai ya ji bayani.

Istifanus
Tambaya ce mai kyau, kuma ba ni zan amsa ta daga Jos ba. Ofishin gandun ake kira a ji halin da ake ciki a makon da za a tafi, ba a tafiyar dare, ba a shiga sai da jami'ansu. In sun ce a dakata, a dakata. Kuma da rani ake zuwa, Disamba zuwa Fabrairu, don da damina hanyoyin Mambila ba sa biyuwa.

Hajiya Rabi
Ina goyon bayan Isti, amma a faɗi gaskiya: Chappal Waddi ba zai koya wa jininka komai game da mita 5,000 ba. Abin da zai koya maka daban ne, kuma Shere ba ta koyar da shi. A Shere ka hau ka sauko, ka yi wanka da ruwan zafi, Lahadi ka wuni a kwance. Can kuwa ka tashi da ƙafa a kumbure ka sake sa takalmin jiya, ka kwana a ƙasa, ka ci abin da aka samu. Wanda bai taɓa jera kwanaki yana tafiya ba bai san halinsa ba tukuna. Kuma lokutan sun dace: ka yi Gashaka da rani, ka yi Kilimanjaro tsakanin Yuni da Oktoba. Janairu da Fabrairu ma lokaci ne mai kyau a can, amma a shekarun nan azumi yana faɗowa kusa, Maris zuwa Mayu kuma ruwa ne.

Maman Hanan
Maganar kaya kuma kada wanda ya ruɗe ku da na kanti. Ku shiga Katako ranar da aka fasa dila, rigunan sanyin Turai na gaske suna nan, masu gashin tsuntsu a ciki, da wandunan da ruwa ba ya ratsawa. Ku duba zif da ɗinkin hammata. Abin da ban yarda a saya na gwanjo da ido rufe ba shi ne takalmi, don wani tafinsa ya bushe, yana shan wahala sai ya ɓare. A lanƙwasa shi sosai a gani. A ɗauki wanda ya ɗara ƙafa da lamba ɗaya saboda safa mai kauri da gangara, in ba haka ba farcen babban yatsa ne zai biya. Kuma a fara sa shi tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Hajiya Rabi
Ƙwarai. A ƙara da cewa banda auduga a jikin fata, tana riƙe gumi ta sanyaya mutum. Jakar barci kuwa ka yi haya a Moshi, irin wadda ake buƙata ba ta cika zuwa kasuwarmu ba. Sai takardu. Lokacin da na je, mai fasfo ɗin Najeriya ba a buga masa biza a filin jirgi, sai ya nema ta intanet an amince tukuna, kuma tana ɗaukar lokaci. Kada ka sayi tikiti sai ta fito. Katin rigakafin cutar shawara ya kasance a hannunka. Inshora kuma ka karanta da kyau, da yawa ba sa ɗaukar abin da ya faru a sama da wani tsayi, ka nemi wadda ta kai mita 6,000. Ni ta Adis Ababa na bi daga Abuja, na sauka filin jirgin Kilimanjaro da ke tsakanin Arusha da Moshi.

Nura Gangare
Na gode ƙwarai, jama'a. Gaskiya har yanzu kuɗin yana yi mini ciwo, kuma na ga mutane da yawa a intanet da suka yi kwana shida suka kai. Amma na tura wa kamfanonin biyu tambayar Sadik, na kuma ce mai shidan ya ba ni farashin bakwai. Gwajin jini ranar Litinin.

Dakta Aminu
Waɗanda suka kai su ke sa hoto. Ka tambayi kamfanin kuma ko suna tafiya da tukunyar iskar gaggawa da abin auna iskar jini na yatsa, da sau nawa suke aunawa a rana.

Zainab U.
Anti Rabi, hanyar Lemosho fa? Na ga ana cewa kwana takwas.

Hajiya Rabi
Ta yamma take farawa, ta ratsa filin Shira, sannan ta haɗe da Machame kafin Lava Tower. Ta fi tsawo, ta fi tsada, ta fi sauƙi ga jiki. In likitan jini ya sake ki, ita zan ce ki duba.

Alhaji Inuwa
Ni dai ban canza ra'ayi ba. Amma Istifanus, in tafiyar Gashaka ta tabbata a sa sunana. Zan tsaya a Nguroje in sha shayi in jira ku.

Istifanus
An sa, Baba. Masu so su turo suna kafin ƙarshen wata don mu san ko mota ɗaya za ta ishe mu. Asabar kuma Shere tana nan, ƙarfe shida a mahaɗar Lamingo, kowa da jakar goyo mai nauyi, sau biyu za mu hau.

KB
Sau biyu? Ni ina da ɗaurin aure a Bukuru.